Ranar da Allon Doguwa Ya Yi Shiru

Bebeji, 3 ga Nuwamba

Zuwa ga maigidana, Baba Mu'azu mai gyaran rediyo, Kiru.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya ƙarfin jiki? Na san tun da jinka ya tafi waya ba ta yi maka amfani, rubutun cikinta kuma ka ce ya yi wa idonka ƙanana, shi ya sa na ba direban motar Kiru wannan takarda.

Baba, albishirinka. Kwamitin sulhu na manoma da makiyaya ya ba ni aikin da ban taɓa samun irinsa ba. Ranar sha biyar ga wata za a yi babban taro a Tudun Wada, a tabbatar da ranar da za a saki shanu su shiga gonaki cin kara bayan girbi. Bara 'yan aike aka tura, kowa ya kai saƙon da ya ga dama, har aka yi ta rigima. Bana shugaban kwamiti ya ce babu ɗan aike, kowa ya gani da idonsa ya ji da kunnensa. Zan kafa akwatin aikawa guda a zauren taro, sai akwatunan karɓa uku, ɗaya nan Bebeji, ɗaya Kiru, ɗaya a Doguwa, a rumfar ƙofar gidan Wada mijin Yaya Zulaihat, inda mutanen rugarsu za su taru. Allon can kuwa ka san shi, tsohon talabijin ɗin nan ne da ka gyara ka ba ta gudummawar aure.

Ga inda nake neman shawararka. Kafin kwamfuta ta aika hoto da sauti, sai ta tambayi allo abin da yake iya ɗauka, shi kuma ya miƙa mata 'yar takardar shaidarsa, wadda a aikinmu ake kira EDID. To alluna huɗu ne, ita kuwa takarda ɗaya take karantawa. Dole in zaɓi ta allo guda in kwafa in ajiye a akwatin aikawa, duka su bi ta. Shugaba ya sayo wani ƙaton allo mai lasifika shida, yana so muryarsa ta cika zaure ta kowace kusurwa. Gaskiya zuciyata ta fi karkata ga nasa, don ka san a gaban manya ake yin suna.

A gaida Inna da yara. Na bar ka lafiya.

Yaronka,
Ja'afar


Kiru, 6 ga Nuwamba

Injiniya Ja'afaru,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau muke, kunne kuwa yana nan don riƙe tabarau. Na ga takardarka, na kuma ga kanka ya fara girma tun ba a kunna komai ba.

Abin da kake kira da haruffan Turawa, ni gaisuwa nake ce masa. Na'ura ta gaida 'yar'uwarta, ta tambaye ta yaren da take ji. In mutum huɗu za su saurari magana ɗaya, da yaren da mafi rauninsu yake ji ake yin ta. Wannan talabijin na Zulaihat da hannuna na buɗe cikinsa, sauti mai hanya biyu kawai ya sani, hagu da dama, ba ado. Akwatin karɓa yana iya rage girman hoto ya daidaita shi da ƙaramin allo, amma sauti yadda aka ba shi haka yake miƙawa. In ya zo da irin na lasifika shida, talabijin ɗin ba zai yi gardama ba, ba zai nuna jan wuta ba. Hoto zai fito tangaram, shi kuma ya yi shiru.

Saboda haka takardar Doguwa za ka kwafa. Shugaba ya haƙura da lasifika biyu, taron sulhu ne, ba bikin 'yarsa ba. Kuma duk lokacin da ka taɓa saitin nan, ko da harafi ɗaya ne, sai wani ya sa kunne a kowane wuri ya tabbatar. Kada ka dogara da abin da suruki zai gaya maka. Na zauna da mutanen ruga shekara da shekaru ina gyara musu rediyo, ban taɓa jin wanda ya ce aikina ya ɓaci a gaban idona ba. Sai dai ka ga bai dawo ba.

Allah ya yi maka albarka, ya rage maka rawar kai.

Mu'azu


Doguwa, 18 ga Nuwamba

Ƙanena Ja'afaru,

Sallama da gaisuwa. Ya aiki, ya gajiyar taro? Ga man shanu nan a 'yar roba na ba direba, ka raba da maƙwabta, kada ka shanye kai kaɗai kamar yadda ka saba.

Mun gan ka! Sau uku ka gifta ta gaban hoton da shuɗiyar rigarka, kana jan waya kana ɗaure fuska kamar kai ne shugaban. Na ce wa matan gidan nan ga ƙanena can, sai guɗa ta tashi daga bayan zana. Surukata ta ce ashe a gidanmu akwai masu ilimi, ni ce dai aka bari a baya. Rabon da in ji daɗi irin na ranar na manta. Maza sun fi arba'in a rumfa, tun hantsi har azahar ba wanda ya tashi. Wakilin da kwamiti ya ce zai turo bai iso ba, an ce babur ɗinsa ne ya lalace a hanya, sai Wada ya zagaya da takardar da aka aiko tun kafin a fara, kowa ya dangwala yatsa. Da muka ga manyan sun yi musafaha sun dafa Alƙur'ani, dattawa suka shafa fatiha su ma.

Na rubuto ne don in na kira ka Wada zai ji, ya kuwa ce kada in dame ka. In ka samu sarari ka zo ka duba talabijin ɗin nan, ina jin tsufa ya kama shi, yana da 'yar matsala. Ba abin gaggawa ba ne. Su dai suna ta shiri, ɗaya ga Disamba za su saki shanu, tunda da Wada ya kira ka bayan taro ka ce masa an gama yadda aka tsara.

Allah ya ƙara ɗaukaka. Ka riƙa cin abinci, ka rame a hoton.

Yayarka,
Zulaihat


Doguwa, 4 ga Disamba

Ja'afaru,

Assalamu alaikum. Na kira ka ya fi sau ashirin ba ka ɗauka ba. Ina so in yarda cewa wayarka ce ta lalace.

Na san ka ji labari, amma ka ji shi daga bakina. Ranar ɗaya ga wata yaran ruga da Zakari ƙanin Wada suka kora shanu ta gefen Burumburum. Gonakin masara an kwashe, suka shiga. Ashe a gaba akwai gonar wani bawan Allah mai suna Ukasha, ya yanke dawarsa ya shanya a ƙasa bai ɗaure ba. Shanu suka watsu a ciki. Mutanen gari suka fito suna cewa an ci amana. Aka yi ta dukan juna, ba wanda ya san sandar wa ta sami Ukasha a ka. Washegari ya cika, Allah ya ji ƙansa, ya bar mace da 'ya'ya biyar. Zakari an sare shi da adda a hannu, yana asibiti.

Sai a ranar muka san cewa a cikin taron an ɗaga lokaci zuwa ashirin ga Disamba, saboda dawa ta yi latti. Ja'afaru, ba mu ji ba. Abin da Wada ya hana ni faɗa maka ke nan. Tun da aka fara taron har aka tashi, talabijin ɗin bai ce uffan ba. Bakin mutane muke gani yana motsi. Wani saurayi ya so ya yi magana, dattawa suka harare shi, don aikin ƙanin matar Wada ne, ga ni kuma ina ta murna a bayan zana. Da ka kira kana tambaya ko hoto ya fito, Wada ya ce maka aiki ya yi kyau. Kara ya yi maka. Suka ɗauka tunda an yi musafaha, ranar da aka daɗe ana faɗa ce ta tabbata.

'Yan sanda sun tafi da Wada, ko da yake ba ya wurin faɗan, wai shi ya karɓi yatsun mutane a takardar da ke cewa mun gani, mun ji, mun yarda. Ya gaya musu cewa ranar taro ba mu ji komai ba. Jiya kwamiti ya zo da kansa, suka kunna talabijin ɗin, aka sako musu taron da aka naɗa daga Tudun Wada. Ina tsaye murya ta fito rau, har kaji suka watse. Shugaban ya juya ya dubi dattawanmu, ya ce bayan cin amana har da ƙarya. Sun ɗauki talabijin ɗin sun tafi da shi a matsayin shaida, sun ce ruga ta tashi kafin ƙarshen wata.

Ni ban san aikinku ba. Amma ina wurin ranar taro, kuma kunnena lafiya lau. Ta yaya abin da ya yi shiru ran nan ya yi magana jiya? Kai kaɗai za ka iya gaya musu. Ina cikin tsoro, yara suna tambayar babansu. Ka zo don Allah.

Yayarka,
Zulaihat


Bebeji, 8 ga Disamba

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa. Wannan ce takarda ta huɗu da na fara, sauran na yaga.

Na bi maganarka da farko, Allah shaida ne. Takardar Doguwa na kwafa, na je can na gwada, sauti ya fito. Amma da safiyar taro shugaba ya zagaya zaure ya kara kunne a lasifikokin baya, ya ji ba sa aiki. A gaban baƙi ya tambaya ko yaron nan ya san aikinsa kuwa. Aka yi dariya. Raina ya ɓaci, na buɗe kwamfuta na kwafi takardar allonsa na ɗora. Nan take zaure ya cika da murya, ya dafa kafaɗata. Na kira Bebeji da Kiru, allunansu sababbi ne, suka ce komai daidai. Na kira Wada na tambaye shi hoto, ya yaba. Ban tambaye shi sauti ba. Ina jin ban so in ji amsar ba ne.

Ni kaina ban saurari taron ba, hankalina yana kan wayoyi da janareto. Ban san an ɗaga rana ba. Da Wada ya kira da la'asar yana ta kewaye-kewaye, yana tambaya ko an gama lafiya, na ce masa yadda aka tsara. Takardar Yaya ta zo da man shanu, na karanta inda ta ce talabijin yana da matsala, na ce sai na samu sarari.

Da a nan abin ya tsaya, da na iya kallon fuskarka. Ranar biyu ga wata, da na ji mutuwar Ukasha da abin da Wada ya faɗa, na hau mota na je zauren Tudun Wada. Na buɗe saitin na ga abin da na yi tsammani. Na mayar da takardar Doguwa. Ko minti biyar bai ɗauke ni ba. Na gaya wa kaina gyara ne, ai abin da ya lalace gyara shi ake yi. Washegari kwamiti ya ce in zauna a zaure in sako musu taron, su za su je Doguwa su saurara. Ni na danna da hannuna, Baba, ina sane da abin da zai fito.

Yanzu ban san yadda zan yi ba. In na yi magana, 'yan'uwan Ukasha za su ce ni na jawo, kuma sun san fuskata. Ba wanda zai sake ba ni ko kwan fitila in ɗaura daga nan har Kano. Wani lokaci ina cewa ai ba ni na riƙe sanda ba, kuma da sun buɗe baki sun ce ba sa ji, da cikin minti ɗaya na gyara. Me ya hana mutum arba'in magana? Ka gaya min ko akwai wata hanya da za a fitar da Wada ba tare da sunana ya fito ba.

Yaronka,
Ja'afar


Kiru, 10 ga Disamba

Ja'afaru,

Wa alaikumus salam. Ba zan tambaye ka lafiya ba, na ga yadda take a rubutunka.

Ka ce me ya hana mutum arba'in magana. Ni ka tambaya? Shekara shida ke nan ina zama a cikin mutane ina kallon bakinsu yana motsi. In sun yi dariya in yi, in sun gyaɗa kai in gyaɗa. Ranar da ka zo kana ba ni labarin makarantar da ka gama, awa guda ka yi kana zuba, ko kalma ɗaya ban ji ba, na ce maka madalla. Ban so in rage maka jin daɗi ba ne. Abin da suka yi maka ke nan, su arba'in, daga hantsi zuwa azahar. Mutunci suka ba ka, kai kuma ka kafa shi hujja a kansu.

Kuskurenka na farko na aiki ne. Duk mai riƙe sukundireba ya yi irinsa, ni ma na taɓa ƙona rediyon hakimi. Na biyun ba aiki ba ne, ba ni na koya maka shi ba, kuma ba na so a ce a shagona ka ɗauko shi.

Hanyar da kake nema babu ita. Ga wadda take akwai. Akwatin aikawa ba ya zubar da takardar da aka taɓa kwafa masa, ta shugaba tana nan a ciki. Talabijin ɗin kuma ka ce yana hannun kwamiti. Ka tara su, ka kunna da takardar Doguwa su ji. Sai ka ɗora ta shugaba a gaban idonsu, ba ka taɓa talabijin ɗin ba, su zauna cikin shirun da mutanen ruga suka zauna. Ka maimaita sau uku don kada a ce tsafi ne. Bayan nan ka gaya musu abin da ka yi ranar biyu ga wata da bakinka, kada ka jira a tambaye ka.

Na san kana tsoro, ba zan ce maka ba abin tsoro ba ne. Ka faɗa min rana, zan zo in tsaya kusa da kai. Duk zagin da za a yi ba ji zan yi ba, ka ga ba zan gudu ba. Kada ka ɗauki lokaci, kowace rana da ka ƙara mutum yana tsare, kuma yayarka tana ɗaure kaya.

Allah ya ba ka ƙarfin zuciya.

Mu'azu


Tudun Wada, 17 ga Disamba

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara, ina yi wa Zakari sannu. Wayata lafiyarta ƙalau, ina ganin kiranki, kasa ɗauka na yi.

Kin tambaye ni yadda abin da ya yi shiru ya yi magana. Ni ne. Ni na sauya saitin da safiyar taro don in faranta wa shugaba, shi ya sa ba ku ji ba. Ni kuma na je na mayar da shi bayan rasuwar Ukasha don kada a gane, shi ya sa aka ce muku maƙaryata. Talabijinki ba shi da matsalar komai.

Baba Mu'azu ya ce in gaggauta, duk da haka sai da na ƙara kwana shida ina jan ƙafa. Jiya na yi. Kwamiti ya zauna, da jami'in da ke riƙe da maganar Wada, da yayan Ukasha. Na kunna, muryar shugaba ta fito daga talabijinki. Na ɗora ɗayan saitin, bakinsa ya ci gaba da motsi, zauren ya yi tsit. Ba su jure ko minti biyu ba, wani ya ce a mayar. Na ce musu mutanen Doguwa awa uku suka yi a haka. Sai na faɗi sauran.

Shugaba ya ce shi bai ce in lalata komai ba, lasifika kawai ya tambaya, kuma gaskiyarsa ce. Yayan Ukasha bai zage ni ba, da ma zagina ya yi. Ya daɗe yana kallon hoton da ba murya, sannan ya ce, "To yanzu wa zan ce wa 'ya'yansa ya kashe ubansu?" 

Sun rubuta cewa mutanen ruga ba su ci amana ba, ba su yi ƙarya ba. An janye maganar tashi. An ce za a ba da belin Wada cikin kwana biyu, maganar wanda ya bugi Ukasha kuma tana nan ana bincike. Ni an karɓi bayanina an ce kada in bar gari, ina kwana a gidan wani abokin Baba. Duk abin da aka yanke min na cancanta.

Ba na jin kunyar kowa kamar taki, da na tuna kina nuna ni a hoto ana guɗa. Ki yafe min, Yaya. Ki roƙar min Wada. In an sallame ni zan zo da kaina in durƙusa a gaban dattawan, su faɗa min duk abin da suka haɗiye.

Ƙanenki,
Ja'afar


Doguwa, 22 ga Disamba

Ja'afaru,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso.

Wada ya dawo. Zakari an yanke hannun. Gida tara sun tashi tun sha uku ga wata, mu gobe za mu bi su. An gaya mana an janye umarni, dattawa sun ce ba sa zama inda aka kira su maƙaryata a gaban 'ya'yansu.

Na karanta wa Wada takardarka. Bai yi mamaki ba. Ya ce tun da aka gaya masa a can cewa talabijin ya yi magana ya gane hannunka ne, don kai kaɗai ka san cikinsa. Kwana goma sha bakwai ya yi a tsare, ana tambayarsa ko yana zargin wani, bai ambaci sunanka ba, saboda kai ƙanena ne. Ya ce in gaya maka ya yafe.

Ni ban kai shi haƙuri ba. Ban yafe ba tukuna, kuma ba zan ce maka aiki ya yi kyau ba.

Kada ka zo, ba za ka tarar da kowa ba. Kada ka rubuto, inda za mu mota ba ta zuwa. In sun saki talabijin ɗin ka mayar wa Baba Mu'azu, ka ce na gode.

Allah ya tsare ka.

Yayarka,
Zulaihat